Cakulan Mai Cikin Karamel da Abin da Jiki Yake Samu Daga Gare Shi: Nazari Daga Unguwannin Hausawan Duwala

Maƙalar da aka gabatar a zaman tattaunawa kan abinci da lafiyar iyali, Japoma, Duwala, Kamaru

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da jiki yake samu daga cakulan ɗin da ake ɗura wa karamel a ciki, wanda ya zama ruwan dare a shaguna da teburan New Bell da sauran unguwannin da Hausawa suke zaune a Duwala. Ta dogara ne da alƙaluman da kamfanoni suke bugawa a bayan leda, da jadawalin sinadaran abinci na ƙasa da ƙasa, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, da wasu manyan bincike da aka yi kan koko da sukari. Matsayarta ita ce alherin da ake faɗa game da koko gaskiya ne, amma ɗan kaɗan ne daga cikinsa yake isa cikin wannan alewa, kuma babbar illarta ga yaranmu tana cikin yawan maimaita ta da kuma abincin da take hana su saya.

Gabatarwa



Duk wanda ya zo wannan zaure ta hanyar Yawunde ya ga manyan motoci suna gangarawa tashar jiragen ruwa ta bakin kogin Wuri, da yawansu kuwa a lokacin kaka buhunan koko ne a kansu. Tun zamanin Jamusawa, a shekarun 1880, aka fara dasa koko a gindin Dutsen Kamaru, a yankin da ake kira Limbe a yau, daga nan noman ya bazu zuwa Kumba da jihohin Tsakiya da Kudu. Yanzu Kamaru tana noma kusan tan 300,000 a shekara, tana cikin ƙasashe biyar da suka fi noman koko a duniya, kuma Holan ce babbar mai sayen ɗanyen kokonta. Afirka gaba ɗaya ita ke ba duniya kusan kashi 70 cikin 100 na kokon da ake sarrafawa.

A cikin Duwalar nan ma ana sarrafa shi. Kamfanin SIC Cacaos, na rukunin Barry Callebaut, yana niƙa koko yana fitar da mansa da garinsa. Kamfanin Chococam, wanda Tiger Brands na Afirka ta Kudu ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2008, shi ke yin Mambo da Tartina da Matinal, sunayen da babu yaron New Bell da bai san su ba. Saboda haka mutumin Duwala ba baƙon cakulan ba ne. Burodi da aka shafa wa shokola karin kumallo ne na dubban 'yan makaranta a garin nan.

Sai dai abin da zan yi magana a kansa wani nau'i ne daban: cakulan mai ɓawo a waje, da karamel mai yauƙi a ciki. Galibinsa daga waje yake shigowa, daga Turai da Turkiyya da Dubai da Sin, wani a manyan kantunan Akwa da Bonanjo, wani a katan-katan ta hannun dillalan kasuwar Mboppi, har ya sauka a kan teburin mai alewa a ƙofar makaranta, ƙwara ɗaya dala biyar ko dala goma a lissafin kuɗin sefa. Shi ne tsarabar alhazai, shi ne ake cika faranti da shi ranar Salla, shi ne kawu yake ciro wa yara daga aljihu. Iyaye da yawa suna ganin ya fi alewar gida daraja da amfani, tunda an ce da koko da madara aka yi shi, kuma an ji a rediyo cewa koko yana gyara zuciya. Wannan zato ne nake so mu auna shi.

Me ke cikin ledar

Cakulan irin wanda muke ci a yau bai kai shekara ɗari biyu ba. A 1828 gidan Van Houten a Holan ya fito da injin matse mai daga koko. A 1847 kamfanin Fry a Ingila ya yi sandar cakulan ta farko. A 1875 Daniel Peter a Suwizalan ya haɗa shi da madara. Ɗura wani abu a cikinsa ya shahara ne daga 1912 a hannun Jean Neuhaus a Beljiyam, sannan Mars ya fito a 1932, Rolo a 1937, Twix a 1967. Abin lura a wannan jeri shi ne kusan kowane mataki ƙara wani abu yake yi a kan kokon, kason kokon kuma yana ja baya.

Karamel ɗin da ake ɗurawa haɗi ne na sukari, da ruwan gulukos da ake samu daga sitacin masara ko alkama, da madara, da mai, da ɗan gishiri. Ana dafa su har zafin ya kai wajen digiri 120, inda sukari da furotin ɗin madara suke haɗuwa su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin nan mai jan rai. Babu koko ko ɗigo a cikinsa. Man da ake sawa a mai tsada man shanu ne, a mai araha kuwa man ja ne da aka tace ko man ƙwarar kwakwar manja.

Yanzu ga inda lissafin yake da muhimmanci. Hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa tare, kuma Kamaru tana cikinta, tana da ƙa'idar cakulan mai lamba 87 ta 1981, wadda aka sabunta a 2003. Ƙa'idar ta ce cakulan mai madara ya ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin 100 na abin da aka samu daga koko. Ta kuma ce cakulan mai ciki ya wadatar idan ɓawonsa ya kai kashi 25 cikin 100 na nauyin alewar. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ita ma haka ta ce. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, doka ta yarda a kira abu cakulan mai ciki alhali kokon da ke cikinsa bai wuce giram 6 da ɗoriya a cikin giram 100 ba. Manyan kamfanoni suna sa fiye da haka, gaskiya ne. To amma ko a nan ɗin, mafi yawan kason kokon mai ne. Garin kokon kansa, wato ɓangaren da ba mai ba, wanda a cikinsa ne sinadarin ƙarfe da magniziyom da sauran abubuwan alheri suke, ƙa'idar ta ce kashi 2.5 cikin 100 na ɓawon ya isa.

Akwai kuma abin da yanayin garinmu ya jawo. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, shi ya sa cakulan na gaske yake narkewa a baki. A Duwala, inda zafin rana yake kai digiri 30 zuwa 33 ga kuma laima, cakulan na gaske ba ya jure zama a kan tebur ƙarƙashin kwano. Don haka da yawa daga cikin masu arahar da ake sayarwa a bakin titi ba su da man koko sam. An musanya shi da man ƙwarar kwakwar manja da aka daskarar, aka barbaɗa garin koko don launi. Mai saye zai gane wannan idan ya ji maiƙo ya liƙe masa a ganɗa bayan ya haɗiye. A bayan leda kuma ba za a rubuta man koko a jerin kayan haɗi ba, sai dai a ce man tsirrai. Jerin nan kullum daga abin da ya fi yawa ake farawa, kuma a kusan kowace leda ta wannan nau'i sukari ne na farko, ruwan gulukos yana biye kusa.

Alƙaluman

Idan aka jera abin da kamfanoni suke bugawa da kansu, giram 100 na cakulan mai cikin karamel yana ba da kalori 450 zuwa 500, sukari giram 48 zuwa 60, mai giram 17 zuwa 25, wanda fiye da rabinsa kitse ne mai daskarewa a mafi yawansu, sai furotin giram 4 zuwa 6. Faiba, wato dusa-dusar da ke taimaka wa hanji, ba ta cika wuce giram 1 ko 2 ba.

Babu mai cin giram 100 a lissafe, don haka mu ɗauki sanda ɗaya mai giram 50. A cikinta akwai kalori wajen 240, sukari giram 25 zuwa 30, kitse mai daskarewa wajen giram 7, furotin bai kai giram 3 ba. Ƙwarar sukari mai kanta, irin ta Sosucam da mai shayi yake jefawa a kofi, giram 5 ce ko ta ɗan ɗara. Ke nan sanda ɗaya ƙwarar sukari biyar zuwa shida ce.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta kan sukarin da ake ƙarawa a abinci: kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake ci a yini, idan kuma aka sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000, wannan giram 50 ne, ko 25 a mataki na biyu. Ga yaro ɗan shekara bakwai ko takwas mai bukatar kalori wajen 1,600, giram 40 ne, ko 20. Sanda ɗaya ta riga ta wuce mataki na biyu, ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na mataki na farko. Wannan kuwa kafin a lissafa shayin safe da madarar gwangwani mai zaƙi, da sukarin kunu, da lemon kwalba wanda ƙaramin gwangwaninsa mai santilita 33 yake ɗauke da giram 35.

Ba zan ce babu komai na kirki a ciki ba, don hakan ba gaskiya ba ne. Madarar tana kawo kalsiyam, amma abin da sanda ɗaya take bayarwa bai kai miligiram 100 ba, alhali yaron yana bukatar ɗaruruwa a yini. Sinadarin ƙarfe bai wuce miligiram 1 ba, ga yaron da yake bukatar wajen 10. Ana samun kuzari nan take, shi ma gaskiya ne, kuma ga ɗan dako a Kasuwar Tsakiya ko ɗan acaba da ya wuni a kan babur, kalori 240 ba abin rainawa ba ne. Tambayar ita ce me ya zo tare da kalorin. Ƙwai ɗaya dafaffe, da kalori 75 kacal, yana ba da furotin giram 6, ninki biyu na sandar. Soyayyiyar gyaɗa giram 50 tana ba da kalori wajen 290, furotin giram 12, faiba giram 4, sukarinta kuwa giram 2 ne.

Game da kitsen, akwai bambancin da ya kamata masana su riƙe. Kusan sulusin man koko wani kitse ne da ake kira sitiyarik, wanda bincike ya nuna ba ya ɗaga mugun kwalestarol kamar sauran kitse masu daskarewa. Wannan rangwame na man koko ne. Man ƙwarar kwakwar manja, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne mai daskarewa, bai samu wannan shaida ba. Alewar da ta fi araha, wadda ta fi isa hannun yaran talakawa, ita ce mai kitsen da ya fi muni.

Ina alherin kokon ya tafi

Koko ɗan uwan goro ne a dangin tsirrai, kuma dukansu suna ɗauke da kafeyin da tiyoburomin masu wartsake mutum. Bahaushen da ya san ɗacin goro ya san ɗanɗanon ɗanyen koko. Wannan ɗaci da baurin suna zuwa ne daga wasu sinadarai da ake kira fulabanol, kuma su ne tushen duk maganar da ake yi cewa koko yana taimaka wa jijiyoyin jini.

Maganar tana da madogara. A 2012 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince a rubuta cewa miligiram 200 na fulabanol ɗin koko a yini yana taimaka wa jijiyoyi su riƙa buɗewa yadda ya kamata, ta ce ana iya samun wannan daga giram 2.5 na garin koko mai yawan fulabanol ko giram 10 na baƙin cakulan irinsa. A 2022 aka fitar da sakamakon babban gwajin COSMOS a Amurka, wanda aka yi da dattawa 21,442 na tsawon shekara uku da rabi. Waɗanda aka ba miligiram 500 a yini ba su nuna raguwar da za a iya tabbatarwa ba a jimillar cututtukan zuciya, amma mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 27 cikin 100 a cikinsu. Abu biyu ya kamata a faɗa tare da wannan sakamako: kamfanin Mars yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, kuma abin da aka ba mutanen ƙwayar magani ce, ba sukari, ba mai, ba karamel.

A Disambar 2024 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani nazari na masanan Jami'ar Harvard da ya bi mutum sama da 190,000 na tsawon shekaru masu yawa. Masu cin baƙin cakulan sau biyar ko fiye a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari nau'i na biyu ya yi ƙasa da kashi 21 cikin 100. Masu cin cakulan mai madara ba su samu wannan ba, sai ma aka ga ƙarin ƙiba tare da ƙarin cinsa. Nazarin bibiya ne, ba gwaji ba, kuma ma'aikatan lafiyar Amurka aka bi, ba mutanen New Bell ba, don haka a ɗauke shi da hankali. Duk da haka ya nuna bambancin nau'ukan biyu a fili, kuma alewar da muke magana a kanta tana can bayan cakulan mai madara ma, tunda an ƙara mata sukari a ciki.

Jadawalin Ma'aikatar Gona ta Amurka ya nuna tazarar. Giram 100 na baƙin cakulan mai koko kashi 70 zuwa 85 yana da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 12, magniziyom 228, faiba giram 11, sukari giram 24. Mai madara yana da ƙarfe miligiram 2 da ɗoriya, magniziyom 63, sukari sama da giram 51. Mai cikin karamel yana ƙasa da wannan a ƙarfe da magniziyom. Uwar da ta saya wa ɗanta shi don ta ji an ce koko magani ne, kallon kitse take yi wa rogo, kuma ba laifinta ba ne, don hoton kwaɓar koko da kofin madara ne aka zana mata a kan ledar.

Haƙori

A nan ne karamel yake da laifi nasa na kansa. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a dattin haƙori suna cin sukari su mai da shi ruwa mai tsami cikin 'yan mintuna, tsamin kuma yana zaizaye farin ɓawon haƙori. Yawu yana bukatar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya wanke tsamin ya mai da bakin daidai. Abin da ya narke ya wuce da sauri yana ba yawu dama. Abin da ya liƙe a ramukan turame yana ci gaba da ciyar da ƙwayoyin.

An tabbatar da wannan ta hanya mai muni. Daga 1945 zuwa 1953, a asibitin masu taɓin hankali na Vipeholm da ke garin Lund a Suwidin, an ciyar da ɗaruruwan marasa lafiya sukari ta hanyoyi daban-daban ba da izininsu ba, don a ga yadda haƙori yake ruɓewa. Zalunci ne, kuma yau babu hukumar da za ta yarda da irinsa. Sakamakon da aka buga a 1954 ya nuna waɗanda aka ba alewa mai yauƙi tsakanin abinci, wasu har ƙwara 24 a yini, su ne haƙoransu suka fi lalacewa nesa ba kusa ba. Waɗanda suka sha sukarinsu tare da abinci, ɓarnar ba ta kai haka ba, haka ma rukunin da aka ba cakulan zalla. Daga nan ne Suwidin ta ɗauki al'adar ba yara alewa ranar Asabar kawai.

Ina roƙon mahalarta su auna wannan da yadda yaranmu suke ci. Ba sanda ɗaya suke ci a zaune ba. Ƙwara ɗaya a hanyar lakwal, ɗaya lokacin tara, ɗaya bayan an tashi, ɗaya a hanyar makarantar allo ko Islamiyya da yamma. Kowace ƙwara sabon zagaye ne na tsami, bakin yaron bai huta ba tun safe. Ciwon haƙori kuwa yana hana yaro barci da karatu da cin abinci mai tauri, ga shi kuɗin likitan haƙori ya fi ƙarfin yawancin gidaje, sai abin ya ƙare a cirewa.

Kuɗin tara

New Bell unguwa ce da Jamusawa suka shata a lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya ta zama masaukin baƙi, Hausawa fatake da mahauta da masu goro da teloli suka kafa unguwarsu da masallatansu a ciki. Har yau unguwa ce mai cunkoso, inda uba yake fita kasuwa da asuba, uwa tana sana'arta a gida, yaro kuma a miƙa masa dala ashirin ko arba'in ya sayi abin karyawa a hanya. Wannan kuɗi, a gidaje da yawa, shi ne karin kumallon gaba ɗaya.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 57 suna da ƙarancin jini, kashi 11 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. A cikin mata masu shekarun haihuwa, kashi 40 suna da ƙarancin jini, kashi 37 suna da ƙiba ko nauyin da ya wuce ƙima, kuma a manyan birane irin Duwala ƙibar ta fi haka yawa. Yunwa da ƙiba suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, wani lokaci ma a jiki ɗaya. Abincin da yake ba da kalori da yawa ba tare da ƙarfe da furotin ba yana ƙara wa matsala ta biyu, bai rage ta farko ba.

A ganina wannan ita ce babbar asara, ta fi ta sukarin kansa. Yaron da ya kai dala ashirin ɗinsa wurin mai fanke da wake da kunu ya samu furotin da ƙarfe da faiba: giram 100 na dafaffen wake yana da furotin wajen giram 8 da ƙarfe miligiram 2.5. Ko fanken ma, tun 2011 doka ta wajabta a ƙara wa fulawar alkama sinadarin ƙarfe da zinki da wasu bitamin, a ƙara wa man girki bitamin A. Yaron da ya kai kuɗin wurin mai tebur ya sayi ƙwara huɗu, zaƙin ya kashe masa yunwa na ɗan lokaci, kafin azahar cikinsa ya koma fayau. Ƙoƙarin da ƙasa ta yi na inganta fulawa da mai ya wuce ta gefensa.

Alewarmu ta gida, da masu ciwon sukari

Kada a fahimce ni cewa na waje ne mugu, na gida ne tsarkakakke. Tuwon madara da gullisuwa da iloka da hanjin ligidi sukari ne su ma, wasunsu kuma suna liƙewa a haƙori kamar karamel ɗin kanti. Inda na gida ya yi zarra shi ne waɗanda aka gina su a kan ƙwaya: kantun gyaɗa, kantun riɗi, da gyaɗar nan mai rufin sukari da ake cika kwalabe da ita a titunan Duwala. Ko da rabinta sukari ne, giram 50 zai ba da furotin giram 6. Riɗi da ɓawonsa yana da kalsiyam da ƙarfe masu yawa. Dabino ma sukarinsa ya haura giram 60 a cikin 100, amma yana zuwa da faiba giram 7 zuwa 8 da fotasiyam. Sharaɗin gyaɗa ɗaya ne a garin laima irin namu: a guji wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, saboda gubar afulatoksin mai cutar da hanta.

Ciwon sukari ya kama kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na manyan Kamaru, da yawansu ba su ma sani ba, kuma ƙasar nan ta ba duniya ɗaya daga manyan masanansa, Farfesa Jean Claude Mbanya, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya daga 2009 zuwa 2012. Akwai kuskuren da ya yaɗu a tsakanin masu ciwon, musamman masu allurar insulin da masu azumi: ajiye cakulan a aljihu don ranar da sukari ya faɗi. Man da ke cikin cakulan yana jinkirta shigar sukarin cikin jini a daidai lokacin da ake bukatar gaggawa. Abin da likitoci suke cewa shi ne giram 15 na sukari mai saurin shiga, wato ƙwara uku a ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa. Wannan saƙo ya cancanci a riƙa faɗarsa a masallatai kafin kowane Ramalana.

Abin da za a iya yi a Duwala

Hukumar ANOR, wadda aka kafa a 2009 don kula da ingancin kaya, ita ke da hurumin rubutun da ke jikin leda. Matsalar kasuwarmu ita ce bayanin yana kan katan ko babbar jaka, ita kuwa alewar ƙwara-ƙwara ake sayar da ita, wani lokaci da rubutun Turkanci ko Sinanci da ba mai karantawa. Ƙasar Chile tun 2016 take tilasta buga baƙar alama a gaban duk abincin da sukarinsa ko kitsensa ya yi yawa, ta kuma hana sayar da irinsa a makarantu. Alama irin wannan ba ta bukatar mutum ya iya Faransanci ko Turanci. Ina ganin a nan abin da zai fi shiga kan jama'a shi ne a zana adadin ƙwarar sukari a kan kowace leda, a kuma tilasta raba suna tsakanin mai man koko da mai man ƙwarar kwakwa.

A cikin unguwa, masu iko da ƙofar makaranta su ne shugabannin makarantu da malaman Islamiyya da kwamitocin iyaye. Korar mai tebur ba mafita ba ce, shi ma iyalinsa yake ciyarwa, kuma zai koma kwana ta gaba ne kawai. Abin da zai yi aiki shi ne a ba masu wake da ƙwai da gyaɗa da ayaba wuri mafi kusa da ƙofa, a kuma daina raba alewa a matsayin ladan hadda ko na zuwa da wuri. A gida, a mai da cakulan abin Juma'a da Salla, a ci shi bayan abinci a zama ɗaya, a kuskure baki, a yi aswaki ko buroshi da man goge baki mai fuloraid kafin barci.

Ga masu sarrafa koko da matan da ke sana'ar kunu akwai wata dama. Cokali ɗaya na garin koko zalla, giram 5, yana da kalori 12 kawai, magniziyom miligiram 25, faiba kusan giram 2, ba shi da sukari. Ƙarfen da ke cikinsa jiki ba ya zuƙe shi sosai, don haka ba maganin ƙarancin jini ba ne, kuma garin da aka wanke da sinadarin kanwa don ya yi duhu ya rasa mafi yawan fulabanol ɗinsa. Garin da ba a yi masa wannan wankin ba, idan aka dama shi a kunun gyaɗa ko na gero da ƙwarar sukari ɗaya ko biyu, zai ba yaro ɗanɗanon da yake nema tare da furotin ɗin gyaɗa, kuma uwa ce ke riƙe da ma'aunin sukarin. Ana niƙa garin koko a cikin Duwala, tan-tan, ana loda shi a jirgi zuwa Turai. Abin da ya rage shi ne a ƙulla shi a ƙananan ledoji na dala goma da dala ashirin, ba tare da an gauraya shi da sukari ba, a kai shi shagunan New Bell inda ake sayen kayan kunu.